Makarantar da Ba a Kai wa Shiri Ba

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya ciwon gwiwar? Ka gaishe min da Inna.

Baba, aikin nan ya fara hana ni sukuni. An ba ni in duba ko sabon shirin koyar da karatu ya yi amfani. Makarantu biyu muka ɗauka, aka kai wa ɗaya shirin, aka bar ɗaya yadda take don a gwada. To sakamako ya fito, duka biyun sun tashi kai ɗaya. Idan babu bambanci, masu ɗaukar nauyin shirin za su janye.

Ni dai ban yarda ba. Dogo, abokin aikina da ya yi wa yaran gwaji, tun da na tambaye shi yake kauce wa idona. Shugabarmu kuma ta ce in cire makaranta ta biyun daga rahoto, wai an samu kuskure. Wane kuskure, ba ta faɗa ba. Gobe zan je makarantar da ƙafata, ban gaya wa kowa ba.

Taka,
Auta

Babana,

Ina fatan wannan ta same ka lafiya.

Na je. Tun daga bakin taga na ji yara suna tafa hannu suna rarraba kalma gaɓa-gaɓa, daidai yadda shirinmu yake koyarwa, a makarantar da ba a taɓa kai shi ba! Malamin yana ganina alli ya faɗi daga hannunsa. Na ɗauka wani ne ya turo shi ya ɓata mana bincike, har na fara lissafa maƙiyanmu.

Ashe matarsa ce malamar ɗaya makarantar. Abin da aka koya mata da safe, shi take koya masa a gida. Ya ce min, "Ranki ya daɗe, ina kallo ɗalibanta suna karatu, nawa suna zare ido, ya zan yi?" Dogo ya sani, tausayi ya sa ya yi shiru.

Na rubuta gaskiya: gwajin ya gurɓace, ba za a ce shirin ya yi ba, ba za a ce bai yi ba, sai an sake da makaranta mai nisa. Shugaba ta daina amsa gaisuwata. Ina zargin ita ma ta san komai tuntuni, kuma yanzu tsofaffin rahotannin da ke kan kantarta ma kallon tuhuma nake musu.

Da zan tafi, malamin ya biyo ni har bakin ƙofa yana tambaya ko ya daina koya wa yaransa shirin. Baba, na gyara mayafina na yi kamar ban ji ba.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Auta