Shekara Ukun da Baba Ya Rage

Yaya Fiordaliza,

Ya ƙafar taki, ya jikoki? Ni lafiya lau, sanyin Ohio ne kawai ke taɓa gwiwa.

Tsohuwar ƙungiyarmu ta ƙwallon besbol na shirya mini bikin cika saba'in. Wani mai rubuta tarihinta ya zo, sai daɗin baki: "Ranka ya daɗe Eulogio, a wane coci aka yi maka baftisma?" Yaya, me ya haɗa coci da ƙwallo, in ba littafin da ke da ainihin ranar haihuwata yake nema ba? Kin san Baba ya rage mini shekara uku don a ɗauke ni a ƙungiyar, takardun zamana a Amurka kuma duk a kan haka suke.

In ya zo wurinki a San Pedro, ki ba shi kofi, ki ce kin manta. Amma ran tara ga Maris ki kira ni. Ke kaɗai kika rage da kika san ita ce ainihin ranar haihuwata.

Ƙanenki,
Eulogio