Ɗigon da Ba a Allo Yake Ba

Zuwa ga Malamata, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, wadda muryarta kaɗai ke kwantar min da hankali.

Na rubuta wannan da manyan haruffa, baƙi wuluk a kan fari tas, don ki karanta da kanki, kada kowa ya shiga tsakaninmu. A sana'armu wannan ratar ta fari da baƙi ita ce kontiras. Ke kika koya min bayyana irin waɗannan kalmomi, tun ranar da aka turo ni ajinki gyaran majigi, kika tare ƙofa kika ce ba zan fita ba sai na faɗi abin da na taɓa, da Hausar da ɗalibai za su gane. Na tsaya ina inda-inda, ina cewa lumen ma'aunin haske ne, fokas kuma murza gilashin gaba ne har hoto ya fito tar, fiksil su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Kika yi dariya kika ce ashe likitan majigi ma yana da baki. Daga ranar na zama Likita a wurinki, majigin ajinki kuma ya fi na kowa yawan ciwo a makarantar, alhali ni da ke mun san lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa da kika fara cewa akwai baƙin ɗigo a tsakiyar allo, na ɗauka kiran da muka saba ne. Da kika nace, na ce mataccen fiksil ne. Na goge gilashi, na hure ƙura, na sauya kebul, na sa sabon ƙwan fitila. A ƙarshe na ɗauko miki allon kwamfuta sabo dal daga shagonmu. Kika dube shi, sannan kika juyo gare ni kika ce a hankali, "Likita, yana kan fuskarka ma."

Wayyo, Malamata! Ban taɓa ganin rashin amfanin hannuwana ba irin na ranar.

Likitan ido na gaske ya faɗi nasa: tsakiyar ganinki ce ke tafiya, kuma ba za ta dawo ba. Jiya yayarki ta zo shago, ta ƙi zama, ta ce kin janye maganar aurenmu, wai ba za ki ɗora min jagorancin makauniya ba tun ina da ƙuruciyata. Tana faɗa tana share hawaye. Na ce mata, da girmanta, ban karɓi saƙon ba, ta mayar miki da shi.

Wa ya gaya miki idanunki kaɗai na zo nema? Ina son su, ba zan yi ƙarya ba, suna min kamar ruwan rafi da sassafe. Amma ina za ki kai muryar da ke sa aji ya yi tsit, ta kuma sa ni manta abin da na zo gyarawa? Ina za ki kai taurin kan nan naki, da dariyar da kike yi min idan na cika baki? Su ma likita ya ce za su tafi? Ni ma ina jin tsoro. Na yi kuka a bayan shago, inda muke jibge allunan da suka mutu. Sai dai tsoron rasa ki ya fi wancan nesa ba kusa ba.

Ba zan yi miki alkawarin gyara ba, abar ƙaunata, wannan ya fi ƙarfin kayan aikina. Abin da zan iya shi ne in ƙara miki girman rubutu, in daidaita hasken allo yadda ba zai soke ki ba, in karanta miki amsoshin ɗalibanki ke kuma ki yanke maki. Ba sai kin bar koyarwa ba, ba kuma sai kin bar ni ba.

Kafin yayarki ta tafi, na tambaye ta abin da likita ya ce zai rage. Ta ce gefe: abin da ke dama da hagu za ki ci gaba da gani, da yardar Allah. To, gobe da yamma zan zo gidanku. Ba zan tsaya a gabanki ba. Zan zauna a damanki in yi shiru. Kada ki juyo ki dube ni, don in kin juyo zan ɓace miki. Ki ci gaba da kallon gabanki, ki ce min kawai kin gan ni.

Naki shi kaɗai, har ranar da za a rufe nawa idanun,
Likitanki