Bawul ɗin Saniya Ya Gaji

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da Malam da yara, Ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan sai godiya. Mama tana nan da ƙarfinta, faɗanta da mai gyaran famfo har yau bai ƙare ba. 'Yarki ta wajena ta shiga aji biyu, haƙoran gaba sun zube, ta daina dariya a gaban baƙi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, Yaya. Bawul ɗin da aka sa mini a zuciya, 'yar ƙofar nan da jini ke bi, shekara tara da suka wuce ya gaji. Kin tuna zaɓin da aka ba ni a lokacin: ko na ƙarfe, wanda ba ya tsufa amma sai da maganin tsinka jini har ƙarshen rai, maganin da ba ya shiri da juna biyu, ko wanda ake ɗinkawa da tantanin zuciyar saniya, mai shekara goma zuwa sha biyar. Ina son haihuwa, na ɗauki saniya. Likita ya gaya mini a jikin matasa ya fi saurin lalacewa. Na ɗauki "sha biyar" na tafi da ita gida, sauran maganar na bar masa a ofis. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina koya musu cewa matsakaicin lissafi ba alkawari ba ne.

Hoton zuciya da ake so in yi duk shekara, uku na tsallake. Ga jarrabawa, ga tarin takardun dubawa, ga lafiyata ƙalau. Da na fara haki a matakalar sashenmu na ce ƙiba ce, na daina shan sukari. Makon jiya na tsaya cak a tsakiyar lacca, allo ya yi mini duhu. Ɗalibai sun ɗauka tunani mai zurfi nake yi, suka yi tsit don girmamawa.

Mai ɗaukar hoton mace ce mai surutu. Tana goga mini man nan mai sanyi a ƙirji tana ba ni labarin surukarta, sai ta yi shiru a tsakiyar magana. Tun nan na gane. Likitan, ba wancan ba, wancan ya yi ritaya, ya juyo mini na'urar: ga bawul ɗin da leɓɓansa uku, biyu sun sandare da irin farin abin nan da ke taruwa a gindin butar shayi, jini na kutsawa ta 'yar kafa. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Na leƙa cikina in ga ko tsoro ya iso, ban tarar da kowa ba. Abin da na lura da shi kawai, agogon bangonsa ya yi latti da minti bakwai.

Ƙaninki Injiniya, maigidana, ya tambayi ko yanzu an samu saniyar da ta fi waccan ƙarko, kamar mai zaɓen taya. Na san abin da yake tambaya: ko za a samu ƙane ga 'yarki. Bai furta ba, mutumin kirki ne. Likita ya ce in na sake ɗaukar saniya, da wuya in kai hamsin ba a tsaga ni karo na uku ba, kuma kowane karo ya fi na baya haɗari.

An sa tiyata sha huɗu ga watan gobe. Ki zo, Yaya. Mama ba ta sani ba, kuma ke kaɗai kika iya gaya mata abu ba ta zube ba. 'Yarki ma tana bukatar mai yi mata kitso na wata biyu.

Jiya na koma asibitin ni kaɗai, na sa hannu a kan na ƙarfe. Likita ya tambaya ko ba zan jira maigida ba, na ce masa ba ƙirjin maigida za a buɗe ba. Ya ce in sani zan riƙa jin ƙas-ƙas ɗinsa duk inda aka yi shiru. Na ce ba laifi, na mayar masa da bironsa. Na ja ƙofar a hankali, na sauka ina hutawa a kowane hawa.

Ki gaida Malam, da Babban gida, da 'yan biyu, da Autarki. Mama na gaishe ku, ta ce kin yi tsada. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki,
Ƙanwarki