Sun Ce In Ajiye Jita In Ɗauki Ƙwarya

Laraba da dare, Madinat Nasr

Shekara shida ina waƙar kantiri, irin ta makiyayan Turawa, a garin Larabawan nan, daga gidan shayi zuwa walimar ɗalibai, sai bana aka kira ni babban dandali, bikin mawaƙan Afirka. Na rungumi jitata a mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, na tafi gwaji.

Ban kai rabin waƙar ba Madam Samiha, mai shirya bikin, ta ɗaga hannu. "Ma'alish ya habibti, yi haƙuri 'yata, muryarki tamam, amma wannan kiɗan Amurka ne. Na Afirka muke so." Ta sa aka kawo mini ƙwarya da zane mai fatar damisa. Damisa! Ni da ban taɓa ganinta ba sai a talabijin.

Da Hausa fa nake rerawa. Baba na yi wa waƙar, direban tirela, da ya ƙare ƙarfinsa tsakanin Kano da Maiduguri, kaset ɗin kantiri na tashi a mota. A cinyarsa na fara jin kiɗan nan. Ranar da aka dawo da motar bayan rasuwarsa, kaset ɗin na ciki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na karɓi ƙwaryar. Har godiya na yi, don ina son dandalin nan, Allah ya sani.

Gobe zan mayar mata da kayanta. In ta ce khalas, ba ni ba dandalin, to khalas. Ba zan yi kukan ubana da kiɗan da bai taɓa sawa a motarsa ba.