Fitilun Kirsimeti da Hannun Elnathan

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga Greensboro cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da ƙanena Justin? Mu nan lafiya, kada ki tada hankalinki.

Sai dai surukinki Elnathan yana gida, hannayensa biyu a naɗe da bandeji. Wata baiwar Allah a coci ta ba mu tsofaffin fitilun Kirsimeti masu zafin nan, shi kuma ya jona su a jikin sababbin da ake kira LED. Ranar Asabar ina girki na ji ƙauri. Waya ta narke, labule ya kama. Da hannu Elnathan ya fizge shi, ya ƙone.

Mai kashe gobara ya ce, "Ba a haɗa iri biyun nan a layi ɗaya, tsofaffin sun fi jan wuta." Kai kawai na gyaɗa.

Wurin aikinsa a Wendover sun ce ba za su jira ya warke ba. Jikarki Confidence kuma ko fitilar ɗaki na kunna sai kuka. Sai in kashe, in rungume ta.

Ki gargaɗi Justin kafin su yi wa coci ado. Ki sa mu a addu'a, Mama. Bari in tsaya nan, abincinsa ya huce, kuma ni ke ba shi a baki.

'Yarki,
Hephzibah