Ganyen Roba a Farfajiyar Baba

Barre, Vermont
3 ga Oktoba

Ƙanena Remy,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a jirgin kamun kifi. Yaya sanyin Alaska? Mu nan lafiya lau, in ka cire Yaya Colette.

Ka san Baba zai cika tamanin a ƙarshen watan nan, kuma Yaya ta ɗauki bikin a kanta. Tunda Baba ya yi kuskuren zuwa duniya a lokacin kaka, dole bikin ya yi kama da kaka. Da farko kabewa ta zaɓa: miyar kabewa, kek na kabewa, fitilu a cikin kabewa. Na tuna mata Baba ba ya ci. Ta koma tuffa. Daga nan ta ce kowa ya zo da shigar mutum-mutumin gona. Na ce abokan Baba ba sa buƙatar sauya kaya. Ta ce, "Ke dai, Noella, digirinki bai koya miki komai ba sai baƙar magana." Yanzu ta tsaya a kan ganyen kaka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ta samar wa Baba ɗaki a gidan tsofaffi, kuma tana so ta sanar bayan an yanka kek, a gaban jama'a, inda ba zai iya musu ba. Hujjarta farfajiya ce. Wai sharar ganyen da ke zuba ta fi ƙarfinsa. Ni kuwa duk Lahadi ina samunsa a ƙarƙashin babbar bishiyar nan da manjagararsa, yana tarawa a hankali kamar yadda ya saba tun muna yara. Mutumin da ke share ƙofar gidansa ba a kwashe shi kamar tsohuwar kujera. Ba zan yarda ba. Ka rubuto ka ce kana bayana.

Yayarka,
Noella

17 ga Oktoba

Remy,

Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ga amsarka, layi biyu, cewa duk abin da muka yanke daidai ne. Na gode da wannan jarumta.

Ranar Talata Yaya ta ɗauko wasu ƙarti da injin hura iska, suka kwashe ganyen farfajiyar kaf, suka tafi da shi a mota. Washegari ta iso da buhunan ganyen roba daga kanti, ja da ruwan ɗorawa, ta watsa a wurin. Na tambaye ta laifin ganyen da Allah ya halitta. Ta ce yana jiƙewa, kuma ba ya fitowa da kyau a hoto. Ta kuma jera damman ciyawa, wai kujeru ne, don tsofaffin da kowannensu likita ya sauya masa ƙashin ƙugu.

Baba yana tsaye a taga yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaran nan akwai himma." Tun ranar bai fita ba. Yana zaune, waya a kunne, yana ƙus-ƙus da Armand, tsohon abokinsa na wurin fasa dutse. Na tabbata zuciyarsa ce ta karye. Na ce masa kada ya damu, ina nan. Ya dube ni ya ce, "Ai na sani, 'yar nan. Kullum kina nan."

Ka kula da kanka.

Noella

29 ga Oktoba

Ƙanena,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, an yi biki.

Da safe iska ta taso, bishiyar ta sauke duk abin da ya rage mata a kan teburan Yaya. Ganyen gaske ya gauraya da na roba, har cikin kwanon miya. Yaya tana ta ihu, tsofaffi suna ta atishawa a kan ciyawa. Ni na zo da jawabina a baki, na shirya tsaf, ina jiran ta buɗe nata.

Ba ta samu dama ba, ni ma haka. Baba ya hure kyandir ɗin da ke kan kek, ya buga cokali a jikin kofi, ya ce yana da magana. Ya ce ranar Laraba zai bi Armand zuwa Florida, can inda ba a sanyi, inda Armand ke da ɗan gida kusa da ruwa, kuma ba zai dawo ba sai dai ziyara. Yaya ta ce, "Baba, ɗakin da na samar maka fa?" Ya ce, "Ki ajiye, za ki buƙata." Ni kuma, da bakina, na ce, "To bishiyarka fa? Sharar da kake so?"

Remy, dariya ya yi har da hawaye. Ya ce, "So? Ni? Tun kafin a haife ki na tsani ganyen nan. Mahaifiyarku ce ta hana ni sare bishiyar. Bayan ta rasu kuma, duk Lahadi sai ki tsaya a bakin ƙofa kina kallona kamar kin ga waliyyi, sai in ji kunyar ajiye manjagara." Armand ya ce a can ganye yana zama a kan bishiyarsa, yana da tarbiyya.

Wata guda muna yaƙi a kansa, ni da Yaya, kuma babu wadda ta tambaye shi. Gidan ya bar mana mu uku, mu yi yadda muka ga dama.

Motar shara ta hukuma ta ƙi ɗaukar ganyen, domin taki ake yi da shi, ba a karɓa da roba a ciki. Saboda haka jiya ni da Yaya muka wuni a durƙushe muna tsincewa ɗai-ɗai da hannu. Baba yana kan baranda da gajeren wando sabo fil, yana gwada tabarau, yana nuna mana inda muka tsallake.

Ina jin haushinsa ƙwarai. Kuma ban san inda zan riƙa zuwa ranar Lahadi ba.

Kashi ɗaya cikin uku na ganyen nan naka ne. Mun ware maka a bayan gareji.

Taka har kullum,
Noella