Ranar da Na So Rufa wa Kamfani Asiri

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum daga Turkiyya. Yaya ƙafar Inna, yaya kasuwa? Ni ƙalau nake, sanyi ne kawai ya tsattsage mini hannu. Kada ka gaya mata.

Na ga abin al'ajabi. Aikina a masaƙar nan shi ne auna dattin ruwan rinin da muke saki a kogi. Rannan awon ya wuce ƙa'ida, sai na rage lambar don in rufa wa maigidana asiri, yadda aka rene mu. Da ya gano, saura ƙiris ya kore ni. Ya sa aka buga gaskiyar a rahoton shekara, har da gyaran da za a yi.

Wallahi na fara haɗa kayana, na ce kamfani ya mutu. Sai ga masu zuba jari sun ƙaru, wai wanda ya faɗi aibinsa ba zai ha'ince su ba!

Ka sa ni a addu'a. Kuma ruwan rinin gidanmu da ke bi ta ƙofar maƙwabta a Ƙofar Ran, ka tambaye su yadda rijiyarsu take. Ni ban taɓa tambaya ba.

Ƙaninka,
Abdulbaƙi